Tiyon Hagu

Zuwa ga Kawu Sifana, a jirgi.

Assalamu alaikum, Kawu. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na ɗakin inji, kuma teku ba ta kaɗa muku hanji da yawa. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da kanta tana faɗa da masu tumatir. Ta ce in gaya maka, don kakarta da kakarka ne kawai suka sha nono ɗaya, ba shi zai sa ka yi mata rowar wasiƙa ba, har gobe ita Yayarka ce. Matata Uwar Biyu tana gaishe ka. Shagonta ya cika da ɗinkin kayan makaranta, kekenta ba ya hutawa. 'Yan biyun kuwa sun koyi buɗe firji, sauran labarin ka ƙarasa da kanka. Gidan burodina yana tafiya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Motar nan mai turbo da na ba ka labari, na kai ta wurin mai kwamfuta ya ƙara wa turbon ƙarfi, na kuma sa mata babbar salansa. Kawu, in na taka ta sai in ji kamar ƙato ya turo ni daga baya. Amma tun daga nan ta fara shan baƙin mai. Da safe tana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, kuma da na kwance bututun da iska ke bi ta shiga inji, sai na tarar da cikinsa jage-jage da mai. Mai sayar da kayan mota ya ce maganin abin wani gwangwani ne na ƙarfe mai baki biyu, wai yana tare man kafin ya shiga inda bai kamata ba. Na saya. Ga shi nan a kan tebur, Uwar Biyu har ta tambaye ni ko sabon filas ɗin shayi ne.

Babu takardar bayani a kwalinsa. Na san za ka ce in kai gareji, amma so nake in ɗaura shi da hannuna. Kai ka sa mini son ƙarfe tun zaman da ka yi a gidanmu, saboda haka kai ka ja wa kanka tambaya. Ina zan sa shi, kuma wane tiyo zan yanka? Na rubuta maka lambar injin a bayan takarda.

Allah ya tsare hanya.
Ɗanka.

*

Ɗan Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni a tashar da muka tsaya sauke kaya. Lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa da ke tuna mini shekaruna duk sanda na hau tsani. Ka gaya wa Yaya na ji ƙorafinta, kuma ta rage faɗa da masu tumatir, su ma 'ya'yan wasu ne. Ka gaishe mini da Uwar Biyu da ɓarayin firji.

A kan gwiwa nake rubutun nan, wakilin kamfani yana tsaye a kaina yana jiran jakar wasiƙu, don haka ka yi haƙuri da gaggawa.

A cikin inji, ƙarfen da ake kira fistin yana hawa yana sauka, wuta tana tashi a samansa. Komai kyan ringi, wato zoben da ke kewaye da fistin ɗin, sai wani abu daga hayaƙin ya sulale ta gefe ya faɗa tumbin inji, wato ƙasa inda baƙin mai yake kwance. Hayaƙin nan dole ya fita. Inji ma yana gyatsa kamar ni da kai, kuma gyatsarsa tana tafe da tururin mai. Kai da ka ƙara wa turbo ƙarfi, ka ƙara masa ci ne, gyatsa kuwa ta ƙaru. Man da ka gani a bututu ke nan.

A murfin saman injinka akwai tiyo biyu. Ɗaya yana da ɗan bawul a ɓoye cikin murfin, ba za ka gan shi ba. Wannan yana aiki ne kawai in mota tana tafiya a hankali. Da zarar turbo ya hura, bawul ɗin ya rufe, don kada iskar turbo ta koma tumbi. Ɗaya tiyon kuma yana zuwa bakin turbo ne, kuma shi ke ɗauke da numfashin inji duka lokacin gudu. Ƙaramin bawul ɗin nan ba a yi shi don ƙarfin da ka ƙara ba, yana yoyo. Shi za ka kashe.

A irin injinka, mai bawul shi ne na hagu. Ba sai ka kwance rabin mota kana bin sa ba: yanke shi, ka cusa bol mai kauri a kowane ɓari, ka matse da kilif. Na dama kuwa ka yanka shi biyu ka sa gwangwaninka a tsakiya. Ka ɗaura gwangwanin a tsaye, nesa da salansa, kada tiyo ya lanƙwashe. Ka riƙa juye shi a kai a kai, musamman lokacin sanyi, don ruwa yake tarawa har da mai. Abin da ka juye kada ka mayar cikin inji, guba ce.

In ka gama, ka leƙa gareji wani ya sa maka ido. Ido biyu sun fi ɗaya.

Mutumin nan ya fara buga ƙafa. Sai na ji daga gare ka.
Kawunka.

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwa? Inna ta ce ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, kuma wai masu tumatir ɗin ne suke fara tsokana. Kowa lafiya, sai ƙaramar mura da ta zaga gidan ta fita.

Aiki ya kammala! Ranar hutu na fito da kayan aikina, na buɗe bonet, na tsaya a gaban mota da takardarka a hannu, na duba hagu na duba dama, ga tiyo biyu kamar yadda ka faɗa. Na hagu na yanke na toshe, na dama na sa masa gwangwani. Na ɗaura shi kusa da batir, yana ta ƙyalli. Maƙwabcina mai wanki ya tsaya kallo har ya ce in rufe gidan burodi in buɗe gareji.

Kuma yana aiki, Kawu. Da na juye shi na sami wani ruwa rawaya mai kauri da wari kamar me. Na nuna wa Uwar Biyu da alfahari, ta ce in fitar mata da ƙazanta daga kicin.

Ƙananan abubuwa biyu ne kawai. In na taka ta sosai, sandar gwada mai tana ɗagowa daga raminta. Ina jin robar bakinta ce ta saki, sai na ɗaure ta da waya, yanzu ta zauna daram. Sannan gefen murfin inji yana ɗan gumin mai, Uwar Biyu tana cewa tana jin ƙauri in mun tsaya a danja. Na ce mata sabon aiki ne, zai washe. Gareji kam ban samu zuwa ba, aiki ya yi yawa, kuma me za su gaya mini wanda Kawu Sifana bai faɗa ba?

In ka zo hutu kai za ka fara ja. Ka shirya riƙe hularka.
Ɗanka.

*

Ɗan Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, lafiyata lau. Kada ka ƙara tayar da motar nan. Ko zuwa bakin titi. Ka cire makullin ka ɓoye.

Ka ce ka tsaya a gaban mota ka duba hagu. Mu masu inji daga kujerar direba muke ƙirga hagu da dama, kana kallon gaba. Na saba da haka har na manta ba kowa ya sani ba, ban rubuta maka ba. Hagunka damana ne. Ka toshe tiyon da ke numfashi lokacin gudu, ka sa gwangwani a kan wanda ke rufewa da kansa. A cikin gari ba za ka ga komai ba, shi ya sa gwangwanin yake tara mai kana murna. Amma duk sanda turbo ya hura, injinka ba shi da ƙofar fita ko ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Sandar nan da take ɗagowa, ita ce kaɗai hanyar da inji ya samu yana gaya maka ya shaƙe, kai kuma ka ɗaure masa baki da waya. Yanzu iskar za ta nemi wuri mafi rauni ta fasa, ta watso mai. Turbo yana nan gefe ja wur da zafi. Ka gane abin da nake gudu.

Wani abu kuma yana cina. Takardarka ta yi kwanaki a aljihun rigar aikina ban buɗe ba. Famfon sanyaya inji ne ya lalace mana, muka duƙufa a kai, na ce in na huta zan karanta ta da shayi a hannu. Sai da muka bar tasha na buɗe. Yanzu wannan ba za ta tafi ba sai mun isa tasha ta gaba. Na roƙi kyaftin ya bar ni in yi waya daga ofishinsa, ya yarda, aka yi ta kiran lambar gidan burodinka ba ta shiga, ina jin ka canza ta.

Allah ya sa ta riske ka a kan lokaci.
Kawunka.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Inna da yara lafiya. Uwar Biyu tana asibiti, a nan takardarka ta same ni, yaron shago ne ya kawo mini ita har bakin ɗaki.

Ranar da abin ya faru, za ta kai kayan da ta ɗinka wata makarantar kwana a wajen gari. Mai motar da ta yi alkawari da shi bai zo ba. Ta shigo gidan burodi hankali a tashe, ni kuma hannuna dumu-dumu cikin kwaɓi. Na ce ta ɗauki makulli a aljihuna. Ta ce, "Ƙaurin nan fa?" Na ce, "An gyara." Ko ɗago kai ban yi ba.

A babban titi akwai wata doguwar hawa. A nan ta zo wuce tirela. Bakaniken da ya duba gawar motar daga baya ya ce gasket, wato robar da ke liƙe bakin murfin inji, shi ne ya fashe, mai ya fesu a kan turbo, wuta ta tashi. Gaban motar ya cinye ƙurmus. Direban tirelar ne ya tsaya, ya naɗe ta da bargonsa, ya kai ta asibiti. Ko sunansa ban samu ba.

Hannun dama ne, daga yatsu har kusa da gwiwar hannu. Likita ya ce ranta ba ya cikin haɗari, amma batun yatsu sai an ga yadda fata za ta yi. Hannun da take riƙe almakashi da shi, Kawu.

Ni da nake kwana ina tashi da tanda, na fi kowa sanin abin da ke faruwa in an toshe hanyar hayaƙi. Na ga sanda tana ɗagowa na ɗauko waya. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba.

Na karanta wasiƙarka ta farko har ta yage a ninki. Abin da ka rubuta shi na yi, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ba ni da sauran abin faɗa yanzu.
Ɗanka.

*

Ɗan Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da mai jiki, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Wannan ce takarda ta biyu da na aiko tun bayan labarin. Ta farko ban ga amsarta ba, kuma ban ga laifinka ba.

Na karanta layin nan naka na "ban ƙara ba, ban rage ba", na kuma gane. Gaskiya ka faɗa. Abin da na rubuta shi ka yi. Shekara da shekaru ina gaya wa sababbin ma'aikata kada su taɓa tiyo sai sun bi shi da hannu sun ga inda ya ƙare, sai ga ni na ce wa ɗan Yayata ba sai ya bi ba. Don in rage maka wahala. Kalma uku za su isa, "daga kujerar direba", na tsaya kallon mai jakar wasiƙu yana buga ƙafa. Da na sani ƙeya ce.

Tun da labarin ya zo, in na ɗauki sifana sai in tsaya ina kallon hannuna. Shekaranjiya mataimakin injiniya ya tambaye ni wane bawul zai rufe, maimakon in faɗa masa da baki, sai da na je na ɗora hannunsa a kai. Abokan aiki sun ɗauka zazzaɓi ne.

Hutuna ya kusa. Da na yi niyyar sauka a wurinku kamar yadda muka yi magana, amma na gaya wa kamfani zan zauna a masaukin ma'aikata a tasha. Ban san da wane ido zan kalli yarinyar nan ba, balle Yaya, wadda ta ciyar da ni a gidanta ba ta taɓa yi mini gori ba. Ka nema mini gafarar Uwar Biyu. In ba ka son amsawa, kada ka tilasta wa kanka.

Kawunka.

*

Kawu,

Ni ce Uwar Biyu. Ina gaishe ka da girmamawa, yaya aiki, yaya gwiwar? Ka yi haƙuri da rubutun nan kamar tafiyar kaza, da hagu nake yi. Hagun gaske, wanda ko ta ina ka tsaya ba ya canzawa. Ka yi dariya, Kawu, ni na yi.

An sallame ni, ina gida. Ciwon yana warkewa, ƙaiƙayi ya fi zafi yawa yanzu. Babban yatsa da manuni suna motsi, sauran sun ƙi. Inna ta dawo wurinmu, ita ke kula da yara.

Takardunka biyu na gani a aljihun rigar ɗanka da zan ba da wanki. Ya karanta su, sun yi laushi don karatu. Amsa ce ya kasa. Ni kuma na gaji da zama tsakanin maza biyu da ke rige-rigen ɗaukar laifi, ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi.

To ga yadda aka yi. Motar nan ina son ta. Ina yi masa tsiya a kanta, amma duk ranar da makulli ya shigo hannuna sai na nemi titi mai faɗi. Ranar nan ba sauri nake ba, lokaci yana nan. Tirelar ma ba ta tare mini komai ba. Na ga hawa a miƙe, titi fayau, na ce bari in ji abin nan da yake ji. Na taka har ƙasa. Kuma ƙaurin tun daga gida nake jin sa, na sauke gilashi kawai.

Da hayaƙi ya turnuƙe na gangara gefe na fita. Kawu, lafiyata ƙalau na fita, ko ƙwarzane babu. Ina tsaye can nesa sai na tuna ɗaurin kaya a kujerar baya, aikin da na ƙare idona a kansa, yaran mutane suna jira. Na koma. Direban tirela yana ihu, "Baiwar Allah, bar kayan! Bar kayan!" Na fito da ɗauri ɗaya, na fito da na biyu. A na uku ne iska ta juyo da wutar. Riga da wando na saya da hannuna. In yara suka zo su ce in ɗauke su na kasa, wannan nake tunawa, ba tiyo ba.

Ɗanka bai san wannan ba, don bai zauna inda zan gaya masa ba. Magani yana saya, abinci yana kawowa, ya ɗauko mai wanke ciwo tana zuwa har gida. Amma da ta fara kwance bandeji sai ya tuna ya bar wani abu a wuta. Kwana ma a gidan burodi yake yi, a kan buhunan fulawa, wai kada ya buge mini hannu cikin barci. Jiya na tare shi a ƙofa.

Na ce, "Baban Biyu, zauna mu yi magana."

Ya ce, "Kina bukatar wani abu? In sayo?"

Na ce, "Kai nake bukata."

Ya kalli bango ya ce, "Ni na ce miki an gyara." Ya sa takalmi ya fita.

Inna tana jin mu daga kicin. Ta ce, "Haka uban wannan yake, in ya yi laifi sai ya hukunta kowa da kirki."

Kawu, ni ban riƙe ka da komai ba, kuma gafarar da ka aiko a nema maka, ka zo ka karɓa da kanka, ba a aika ta a ambulan. Amma kafin nan ka rubuta masa. Maganarka yake ji, ka ga dai inda jin maganarka ya kai mu. To ka yi amfani da ita ka turo mini mijina gida. Kada ka yi masa zancen inji.

Hannun ya gaji. 'Yarka,
Uwar Biyu.

*

Ɗan Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya.

Na rantse ba zan ƙara ba ka shawara a takarda ba, amma matarka ta fi ƙarfin rantsuwata. Wannan karon zan faɗa dalla-dalla yadda ba za a karanta ta a juye ba. Ka tashi daga kan buhun fulawa. Ka tafi gida. In mai wanke ciwo ta zo, ka zauna a gefen matarka, ka kalli hannun, kada ka kalli bango. Tana da labarin da za ta ba ka, ka bari ta kai ƙarshe kafin ka ce laifinka ne.

Nauyin da ke kanka ina ɗauke da irinsa, ban ce maka zai sauka ba. Amma ita ba ta ci bashin kowa ba da za a bar ta da ciwo da kaɗaici.

Na soke zancen masaukin ma'aikata. Ka gaya wa Yaya ta tanadi faɗanta, ina tafe in karɓa.

Kawunka.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna ta ce faɗan yana nan ta adana maka, ba zai huce ba. Yara suna ta tambaya ko da jirgin za ka zo har ƙofar gida.

Ka yafe mini shirun da na yi. Layin nan da na rubuta maka daga asibiti, ba zan ce ka karanta shi a juye ba. Ranar ina neman wanda zai taya ni ɗauka ne, kai ne kuma ka fi nisa. Ƙarya ce ma a cikinsa: na ƙara waya, na rage zuwa gareji.

Na koma gida ranar da takardarka ta zo. Mai wanke ciwo tana kwance bandeji ƙafafuna suna cewa in tashi. Na zauna. Fatar ta yi ja da fari, ta tattare a bayan hannu, yatsu uku sun lanƙwashe ciki kamar tana riƙe da wani abu. Na kalla har aka gama. Uwar Biyu ta ce wa matar, "Gobe ki nuna masa, shi zai riƙa yi." Yanzu ni nake yi, safe da yamma. Ta ce hannuna ya fi na matar taushi, albarkar kwaɓi.

Ta ba ni labarin hawan da tirelar da ɗaurin kaya. Na yi ƙoƙari na bari ta kai ƙarshe. Da ta gama ta ce, "To, ka ji nawa. Yanzu sai ka daina cinye laifin kai kaɗai kamar marowaci." Ban san lokacin da dariya ta kama ni ba, daga nan kuma abin ya juye ya zama kuka, Inna ta kwashe yara ta fita da su.

Ban ce maka na sami sauƙi ba. Akwai safiyar da nake cikin aiki sai in ji muryata tana cewa "an gyara", in tsaya da tire a hannu har ma'aikata su karɓe. An zo an ja gawar motar, ban je kallo ba.

Likita ya ce yatsun za su iya sakewa, za su iya ƙi, ya dogara da motsa su kullum. An buɗe shago. Ƙanwarta ke yanka, ita tana taka keke da ƙafa tana tura yadi da hagu, ni kuma in na tashi daga aiki ina riƙe mata ɗaya gefen. Rigar farko da muka haɗa, ta sa na farke ta gaba ɗaya.

Jiya ta ce za ta gwada zura zare da kanta. Ta kama allura da babban yatsa da manuni, allurar ta faɗi ƙasa. Na sunkuya zan ɗauka, ta ce, "Bari." Na bari, Kawu. Na zauna ina kallo tana lalube a kan siminti da hannun nan, ta kama ta suɓuce, ta kama ta suɓuce, gumi yana zubo mata. Tun da nake ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan zaman ba. Da ta ɗago da ita, ta miƙo mini hannu in ba ta zaren.

Ka sanar da mu ranar saukarka. A motar haya zan zo tarbarka.

Ɗanka.